Gora na Biyu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan jaririn da har yau a hoto kawai muka san shi. Allah ya raya mana shi, ya ba shi hannu irin naki, ya rage masa taurin kai irin na gidanmu. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a inda kuke, ya sa aikin da ya kai ki can ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa.

Mu nan duk lafiya, sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma fitowa tsakar gida da hantsi tana yi wa kowa gyaran shara daga kan kujera. 'Yan biyuna sun shiga sakandare, kuma rigimarsu ta bana a kan madubi ɗaya ce, kowacce ta ce ita ta fara tsayawa. Yaya Babba tana zuwa duk ƙarshen mako. Shagon Baba yana rufe. Agogunan da ke rataye a bango sun yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a lokacinsa, babban na tsakiya kawai nake shiga in murɗa duk Lahadi don kada ya tsaya. Agogunan mutane goma sha ɗaya muka tarar a aljihun tebur, kowanne da 'yar takarda ɗaure da rubutunsa. Na mayar da tara, biyu har yanzu masu su ba su zo ba.

Wannan wasiƙa sau uku ina fara ta ina yagewa. Kin san halina, ban iya magana a waya ba, in aka yi mini tambaya kai tsaye sai bakina ya riga hankalina. Makonni biyar da suka wuce kin tambaye ni ko Baba ya rasu yana fushi da ke. Kin ce ni ne nake fita da shi duk Asabar a kan keke, awa uku ko huɗu mu biyu kawai, don haka in akwai wanda ya ji abin da ke ransa, ni ne. Kin kuma ce ba za ki iya shigowa gidan nan ki ga teburinsa ba sai kin sani. Na ce miki kullum yana maganarki, kuma da alheri. Auta, wannan amsa ba daga abin da na ji ta fito ba, daga tsoron kukanki ta fito. Na yi miki alkawari zan duba littafina in rubuto miki kalamansa. Na duba. Abin da na samu shi zan faɗa miki daki-daki, har da wanda bai yi mini daɗi ba.

Ba sai na tuna miki yadda kuka rabu ba, amma zan rubuta yadda ni na gani, don ki san a kan me nake tsaye. Tun kina shekara goma sha ɗaya ya zaunar da ke a gefensa ya maƙala miki gilashin aiki a ido. Ni ya ce yatsuna na riƙe biro ne, kuma bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya shigo shago sai ya gaya masa cewa teburin nan naki ne in ya gaji. Da aikin gyaran na'urorin asibiti ya fito miki a can, kika karɓa, sai ya ce ki ajiye masa gilashinsa a kan tebur ki tafi, tunda agogon talakawa ya yi miki kaɗan. Bai raka ki tasha ba. Bayan haka in kin kira, daga lafiya lau sai ga Ummanki. Ranar Talatar da ya faɗi a kan teburin nan da rana tsaka, kina da cikin wata takwas, likita ya hana ki tafiya. Babu wanda ya ga laifinki a gidan nan. Ke ce kike ganin laifin kanki, kuma ni ne ya kamata in iya sauke miki shi.

Kin san yadda fitar tamu ta fara. Da aka ce jinina ya hau, likita ya ce in riƙa motsa jiki, sai Baba ya ce in bi shi hanyar dutse, wadda ya shekara fiye da ashirin yana bi shi kaɗai. Daga ƙofar gida mu bi bayan makarantar firamare, mu tsallake layin dogo, sai kwalta ta ƙare. Daga nan jar hanya ce da ke bin gefen magudanar ruwa, itatuwa a jere a hagu, lambuna a dama, har zuwa gadar katako. Bayan gada hanya ta fara hawa, sai an miƙe a kan feda, har gidan famfo da ke gindin dutse. A nan muke jingine kekuna a jikin ɗakin maigadi mu ci gaba da ƙafa, ta wata siririyar hanya tsakanin duwatsu, zuwa wani falalen dutse a can sama. In ka tsaya a kansa kana hango madatsar ruwa shimfiɗe kamar faranti, da layin dogo ya miƙe har ya ɓace. Duk wannan da na lissafa miki, a watan nan na fara ganinsa da idona. Shekara uku ina bin hanyar, abin da na sani shi ne tayar gaba da fuskar agogona.

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a ɗakin ƙofar masana'anta ina rubuta lokacin da mota ta shiga da lokacin da ta fita, kuma wannan hali na ɗauka na hau keke da shi. Na sayi littafi na musamman na ja masa layuka: rana, lokacin tashi, lokacin isa gada, lokacin isa gidan famfo, lokacin isa sama, iskar taya. Layin ƙarshe na sa masa suna abin da ya ja jinkiri. Baba ya ga littafin ya yi dariya har da tari, ya ce Akawu, wai ko hadari ne ya taso sai na tambaye shi lambar mota kafin in bar shi ya wuce. Ni kuwa na ɗauka aikin kirki nake yi. Na ɗauka in minti ya ragu, jini zai sauka. Sai na riƙa wuce shi tun daga layin dogo, in jira shi a gada ina duba agogo, in sake wuce shi, in jira a gidan famfo. A hawan dutse ma haka. Nakan kai sama in jira minti ashirin ko fiye kafin in hango hularsa.

In ya iso sama, abu ɗaya yake yi. Ya cire agogon hannunsa ya sa a aljihu, ya cire takalma, ya zauna ya yi shiru. Ya ce kwana shida yana yi wa agogo bauta, na bakwai nasa ne. Ba barci yake yi ba, ba kuma lazimi ba, domin wannan yana yinsa a gida da carbinsa. Zama ne kawai, idonsa a lumshe, yana numfashi a hankali. In ya gama sai ya tambaye ni sauti nawa na ji. Ni in ce iska. Shi kuwa ya lissafa mini kurciya, da injin famfo a ƙasa, da jirgi tun bai bayyana ba, da kukan wata akuya da ta rabu da 'yan uwanta, da numfashina da ya ce yana fita kamar na wanda ake bi. Ya ce abin da ya fara koya miki ke nan a shago: kafin a buɗe agogo, a kara shi a kunne a saurara, domin yawanci shi da kansa zai faɗi ciwonsa, amma masu gaggawa sukudireba suke fara ɗauka. Ya ce ke a mako ɗaya kika gane. Wannan ita ce magana ɗaya tak game da ke da zan iya rantsewa na ji daga bakinsa a kan dutsen nan, kuma ko ita ban rubuta ba, a kaina na tono ta. Abin da na rubuta a littafi ranar shi ne: zaman Baba, minti ashirin da biyar.

Da na zauna neman kalamansa, shafi ɗari da ashirin da shida na karanta, sau biyu. Babu hira, babu nasiha, babu sunan kowa. Lambobi ne jere kamar takardar aiki. A layin jinkiri kuwa kusan kullum sunansa ne. Baba ya tsaya gaisawa da masu lambu. Baba ya tsaya kallon tsuntsu. Baba ya makara a hawan dutse. Baba da gora biyu, nauyi ya yi wa kekensa yawa. Sai a shafi na ɗari da ashirin, makonni shida kafin rasuwarsa, na ci karo da sunanki. Ga abin da na rubuta, ban canza ko harafi ba: Baba ya fara wata magana a kan Auta a gada, na ce a bari sai mun kai sama; gidan famfo minti arba'in da takwas, mafi kyau a watan.

Na tuna ranar sarai da na karanta. Ya iso gada ya sauke ƙafa ɗaya, ya ce Akawu, akwai abin da yake so in rubuta wa Auta, tunda ni ne mai biro. Ni kuwa idona na kan agogo, na ga in muka tashi nan take zan karya lokacina na watan jiya. Na ce masa a sama za mu fi samun natsuwa. Ya dube ni, ya ce to. Da muka kai sama ya yi zamansa na shiru, ni na cika layukana, muka sauko. Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban tambaya ba. Ba mantawa na yi gaba ɗaya ba, na ce akwai wata Asabar. Ban san abin da ya so in rubuta miki ba, Auta, kuma ba zan taɓa sani ba. Na sayar da shi a kan minti biyu. Akwai kuma wurare biyu a baya inda na rubuta cewa Baba ya ce in ratse tare da shi a tsakiyar hawan dutse in ga wani abu, na ce sai wani makon.

Kwana goma na yi da wannan a cikina ban gaya wa kowa ba. Maman 'yan biyu ce ta gaji da ni. Ta ce tun rasuwar Baba na jingine keke na koma zaman tagumi da littafi kamar mai jarrabawa, in ba zan hau ba in ba ta ta shanya kaya a kai. Da na nuna mata shafin, ta karanta, sannan ta ce littafin ya gama faɗin abin da ya sani, in je in tambayi hanyar. Ban ga hankali a maganar ba a lokacin, amma Asabar ta zagayo na rasa abin yi da kaina. Sai na fito da keken Baba, ba nawa ba. Baƙin nan mai nauyi, mai kariyar ɗora kaya a baya da ƙararrawar da ba ta ƙara sai an buga mata yatsa sau biyu. Na sa wa sarƙa mai, na ba tayoyi iska, na yanke shawarar duk inda littafi ya ce Baba ya tsaya, nan zan tsaya.

Keken nan ba ya gudu ko ka so. Dole na tafi a hankali, kuma a hankalin ne na ga cewa itatuwan gefen magudana ba iri ɗaya ba ne, cewa akwai inda ruwa ke faɗawa ƙarƙashin hanya yana wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano, cewa akwai wani shuɗin tsuntsu mai dogon baki da ke zama a kan waya ɗaya kusa da gada. Masu lambu suka gane keken tun daga nesa, suka ɗago da murna, sannan suka ga ni ne a kai. Suka ajiye fartanya suka zo har bakin hanya, da na gaya musu suka yi mini ta'aziyya. Shekara uku ina wuce mutanen nan, ban san fuskar ko ɗaya ba. A gada na sauka na tsaya daidai inda ya sauke ƙafarsa. Na jira ko wani abu zai faɗo mini a rai. Babu abin da ya zo sai kunya.

Maigadin gidan famfo dattijo ne mai ɗingishi, kullum da rediyo a aljihun riga. Ashe sunan da ya sa mini tuntuni shi ne Jirgin Kaya, wai ba na tsayawa a ƙananan tashoshi. Ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, ya ce sai bayan wata guda labari ya iso masa, kuma tun ranar yake duban hanya ko wani daga gidanmu zai ɓullo. Sannan ya tambaye ni wa yake shayar da gwaibar tsoho yanzu. Na ce wace gwaiba. Ya kashe rediyonsa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce ashe da gaske ne jirgin kaya ba shi da taga. Ya ce Baba ya dasa gwaiba a wani lungu a tsakiyar dutse, kuma duk Asabar in na yi gaba, sai ya kwance gora na biyu daga kariya ya ce masa bari ya je ya ba Auta ruwa. Haka yake kiranta. Ya ce shi da gwiwarsa tana hawa da bai bar gwaibar ba, amma shekara biyar rabonsa da dutsen nan, kuma bai taɓa zaton ɗan da ke tafe da tsoho kullum bai san da ita ba. Ya cika mini gora a famfo ya kwatanta mini wurin yadda Baba ya kwatanta masa.

A tsakiyar hawa akwai wani dutse mai tsagewa, wanda na wuce fiye da sau ɗari. In ka ratsa ta hagunsa taku talatin, sai ka faɗa wani ɗan fili kamar tsakar ɗaki, duwatsu sun kare shi daga iska, gabansa a buɗe yana kallon layin dogo. A nan take. Tsawonta ya kai ƙirjina. Baba ya kewaye ta da ƙaya, amma awaki sun buɗe gefe ɗaya sun cinye abin da bakinsu ya kai. Sauran ganyen ya bushe ya zube, rassan sun yi fari. Wata huɗu na rani babu ɗigon ruwa, ni kuwa ina gida ina karanta lambobi. Na durƙusa na kankare bawon da farce. A sama busasshe ne. Na sauko ƙasa-ƙasa na sake kankarewa, nan ma haka. Sai dab da ƙasa, kamar faɗin tafin hannu daga gindi, na ga kore.

A gindinta akwai wani gora da aka kife, bakinsa a ƙasa, an ɗaure shi da waya a jikin turke, an yanke gindinsa an yi masa murfi da gwangwani. Na zuba ruwan a ciki ban san me zai faru ba. Sai ga ɗigo ya taru a murfin bakinsa ya faɗi. Na jira, wani ya faɗi. Kin san ni, na duba agogo. Daƙiƙa ashirin tsakanin kowane ɗigo da ɗan uwansa, na auna sau goma bai kuskure ba. Na yi lissafi a bayan littafi, sai na ga gora ɗaya zai ɗauki kwana bakwai kafin ya ƙare. Da ɗan abin huda na shago ya huda murfin, Auta. Allah kaɗai ya san murfi nawa ya ɓata kafin ya samu ramin da zai kai Asabar zuwa Asabar. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da muka kai shi.

Da na dawo gida na sake buɗe littafin, wannan karon layin jinkiri kawai na bi. Gora biyu ya bayyana sau hamsin da takwas. Da damina yakan ɓace, amma rubutun Baba ya makara a hawan dutse bai taɓa ɓacewa ba, sau tamanin da uku, wato ko babu buƙatar ruwa yana ratsewa. Sannan na koma baya ina neman ranar da na fara rubuta gora biyu. Na duba kwanan watan sau uku, na kuma gwada shi da tsohuwar kalandar da ke bayan ƙofar Umma, domin ban yarda da kaina ba. Kin tafi ranar Laraba. Asabar ɗin makon ce. Kwana uku bayan ya ƙi raka ki tasha, ya hau dutsen nan da gora biyu, ni kuma na rubuta cewa ya ja mana jinkirin minti goma sha tara.

Na kai wa Umma labarin. Ta ce yanzu ta gane. Ta ce akwai wani dashe da ya daɗe yana reno a gwangwanin madara a bayan shago, daga 'ya'yan tsohuwar gwaibar gidanmu, wadda kika faɗo daga kanta kika karya haƙori, kuma a makon da kika tafi gwangwanin ya ɓace. Ta ce ta taɓa tambayarsa me zai yi da gora biyu, ko raƙumi ya zama, ya ce mata dutsen ne ke jin ƙishirwa. Ta ce in gaya miki haka mahaifinki yake tun tana amarya, bakinsa ya yi ɓarna, hannunsa ya bi baya yana gyarawa a ɓoye.

To, ga amsar tambayarki iyakar abin da zan iya tsayawa a kai. Ba zan ce miki ya ce ya yafe ba, domin ban ji ba, kuma ranar da wataƙila zan ji, ni na toshe. Ba zan ce bai ji zafin tafiyarki ba, ya ji. Wataƙila ma akwai Asabar ɗin da ya hau yana yi miki faɗa a ransa. Abin da na sani shi ne mutum mai shekara saba'in da ɗaya ya ɗauki ruwa ya hau dutse sau hamsin da takwas saboda wata bishiya da ya sa wa sunanki, ya dasa ta inda take kallon hanyar da jirginki ya bi. Wannan ba zato ba ne, a rubuce yake da hannuna, kuma da ƙorafi na rubuta shi, don haka ba za ki ce na ƙawata ba. Ƙaryar da na yi miki a waya ina neman gafararki a kanta. Wasiƙar da ya so in rubuta miki kuwa, ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba.

Asabar uku ke nan ina komawa. Na gyara shingen ƙaya, na yanke busassun rassa kamar yadda wani mai lambu ya nuna mini. Ina gwada zaman Baba, amma ba a sama ba, a gefenta. Ban iya ba tukuna. Da na lumshe ido sai kaina ya cika da motocin masana'anta, da gada, da abin da ya kamata in ce. Makon farko ko minti uku ban yi ba na duba agogo. Jiya dai na cire shi na sa a aljihu tun daga gidan famfo. Na zauna, tunani ya zo ya tafi, ya sake zuwa, na bar shi. Can sai na ji kurciya, na ji injin famfo, na ji jirgi tun bai fito ba. A ƙarƙashin duk wannan kuma na ji ɗigon yana faɗawa ƙasa. Ban ƙirga ba. Da na buɗe ido ban san tsawon zaman da na yi ba, kuma layin nan a littafi na bar shi babu komai. A wurin da na kankare, ɗan sama kaɗan, akwai tsiro biyu, kowanne bai fi hannun agogon mata ba. Mai lambu ya ce kada in yi saurin murna, sai ta ga ruwan sama za a sani.

Umma tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan jikanta, kuma ta gaji da sumbatar waya. Yaya Babba da maigidanta suna gaisuwa. Maman 'yan biyu tana gaishe ki da kyau, ta ce in rubuta cewa ita ce ta tura ni, don kada in cinye ladan ni kaɗai. 'Yan biyu suna gaida Anti, kowacce ta ce a fara sa sunanta, shi ya sa ban sa na kowa ba. Kawu Direba da Gwaggo suna yi miki barka da arziki. Maigadin gidan famfo ma ya ce a gaida mai sunan. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki, Allah ya saka masa da alheri a kan riƙon da yake yi miki.

Ki zo gida, Auta. Teburin yana nan yadda ya bar shi, gilashinki yana aljihun sama a naɗe cikin hankici. Kekena zan ba ki, ni in hau na Baba, kin ga ko na so ba zan iya wuce ki ba. Murfin goran ya fara tsagewa, na gwada huda wani a gida har sau shida, duk lissafi ya nuna kafin Talata ruwan zai ƙare. Wannan aikin hannunki ne.

Yayanki mai neman afuwarki,
Akawu